Wanda Ya Ce Tsaya

Córdoba, ranar Laraba

Zuwa ga tsohuwata Nelida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Mama Petrona? Ina fata ƙafar ta sassauta, ta rage zagin likita. Ki gaishe ta, ki ce surukinta da ta ce ba zai taɓa zama mutum ba yana nan, kuma har yanzu bai ƙaryata ta ba. Da yake ƙauyenku waya ba ta shiga sai an hau dutse, ga ni na koma riƙe biro da tsufana. Direban bas ɗin Catamarca zai ba ki wannan. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu na tsaya, ranar da na tafi ma malamin ya fi ni murna.

To, ki samu wuri ki zauna. 'Yarmu Ayelen lafiyarta ƙalau, tana ci, tana sha, tana hararar mutane. Sai dai kafaɗarta ta hagu ta goce ranar Asabar a wasan faɗa da sulke da aka yi a Rosario. An mayar da ita a asibiti, an rataye hannun a wuya. Likita ya ce ita da sulke sai bayan wasu watanni. Abin da ya fi kafaɗar yi mata ciwo, a wannan wasan ake zaɓen matan da za su wakilci ƙasa, kuma sunanta ya fita.

Na san abin da za ki ce. Tun ranar da yarinyar nan ta shigo gida da kwalkwali a cikin jakar kasuwa kika ce ke ba ki haifi 'ya don ta zama tukunya ana kwankwasa ta da gatari ba, kika kuma rantse ba za ki taɓa zuwa kallo ba. Ni kuwa da nake gyaran jikin mota in ta lotsa, sai na ga ai sana'a ce ta biyo ni gida. Duk lotsawar da ke jikin sulken nan ni na buga ta ta miƙe, har na fi sanin sulken fiye da motar limamin cocinmu.

Tun da ba ki taɓa gani ba, bari in gaya miki yadda ya faru. Ana shiga biyar-biyar cikin fili mai shingen katako. Takubba da gatura duk an dakushe su, amma ƙarfe ƙarfe ne. Wadda duk ta taɓa ƙasa da wani abu ban da tafin ƙafarta ta fita, a nan za ta zauna har a gama. Aikin 'yarki shi ne ta je ta saƙala hannu a shinge, ta janyo biyu daga abokan hamayya ta riƙe su, su yi ta jibgarta, kafin nan 'yan uwanta huɗu sun gama da ukun da suka rage. Wato ita ce turke. Ta sha nuna mini wannan a kan teburin cin abinci da cokula da gwangwanin gishiri, ita ce gwangwanin.

Haka ta yi ranar. Biyu suna kanta, ɗaya cikinsu Yanina ce, wata doguwa 'yar Rosario mai gatari mai dogon ƙota. Ana cikin haka sai aka ji wani ya daka tsawa, ya ce "Tsaya!" A wasan nan alƙali kaɗai ke faɗar wannan kalma, shi ma sai in kwalkwalin wata ya cire ko an ji rauni, kuma kafin kowane wasa sai an roƙi 'yan kallo da lasifika kada wanda ya furta ta. Ayelen ta saki shinge, ta sauke garkuwa. Gatarin Yanina yana hanya, ya sauka a kafaɗa, suka zube da ita. Alƙali bai sa tuta ba, ya ce shi bai tsayar da wasa ba. Ƙungiyarsu ta faɗi.

Ba a san wane sakarai ne ya yi ihun ba. Mutane dai, kin san su.

Gida lafiya. Na ƙona tukunyar shinkafa ɗaya kawai. Muryata ta ɗan dushe, ina jin iskar bakin kogin Rosario ce. Ki sa rigar sanyi, kada ki ce ke 'yar dutse ce.

Naki har kullum,
Eulogio


Córdoba, ranar Lahadi

Nelida tawa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Mama da duk mutanen gida. Yaya hidima da mara lafiya? Allah ya ba ki lada, ya ba ta sauƙi.

Waccan wasiƙar da na aiko miki akwai ƙarya a ƙarshenta. Sakaran nan kin san shi. Shekara talatin kina wanke masa safa.

Ni ne, Nelida. Ina tsaye dab da shinge, ta bayan wani mai ganga. Ina ganin gatarin nan yana sauka a kan 'yata, kanta yana lanƙwasa kamar an daki ƙusa a karkace. Na san aikinta ke nan. Na san kaurin ƙarfen, da hannuna na auna shi. Na san lifidin da ke ƙarƙashi, ke kika ɗinka shi kina mita. Duk na sani. Amma sanin yana kaina, bakin kuma bai yi shawara da kan ba. Sai ji na yi kalmar ta fita, da irin muryar da nake kiran yara a gareji in injin yana ƙara. Da na ga ta saki shingen, wallahi da ƙasa za ta tsage da na biya kuɗin shiga.

A motar asibiti ina riƙe da kwalkwalinta a cinya kamar mai riƙon jariri, ina ta ba ta labarin ban dariya. Ba ta yi dariya ba. Na ce a raina zan gaya mata in mun isa gida. Da muka isa na ce sai ciwon ya lafa. Kin san mijinki, alƙawarinsa kamar tayar da aka yi wa faci ne.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Shekaranjiya Griselda ta zo, shugabar ƙungiyarsu, gajeruwar nan mai aikin jinya da kika ce tana tafiya kamar za ta kama ɓarawo. Ta zauna a kicin ɗinmu, na haɗa mana mate, shayin ganyen nan namu mai ɗaci, muna zagayawa da ƙoƙon, ta ciro waya ta kunna hoton wasan da wani ya ɗauka. Ba a ga mai ihun ba, ganga kuma ta ɓata muryar, amma ana jin kalmar sarai. Griselda ta dage cewa ɗaya daga cikin alƙalan gefe ne ya faɗa, yanzu suna rufa wa juna asiri, Yanina kuma ta ji ta ƙi tsayawa. Ta riga ta kai ƙara wurin kwamitin wasan. Wanda duk ya yi sara bayan an ce a tsaya, hukuncinsa dakatarwa ta shekara biyu. Yanina ta haura talatin da 'yan kai, shekara biyu a wurinta sallama ce.

Sau nawa ta maimaita hoton nan ban sani ba. Duk sanda muryar ta fito sai in ji kamar an kira sunana a kotu. Har ta juyo ta ce, "Malam Eulogio, kai da kake kusa, ba ka ga bakin wa ya motsa ba?" Na ce ni idona na kan 'yata. Wannan dai gaskiya ne, shi ya sa ya fi ƙaryar muni. Ruwan zafi na zuba a yatsana maimakon ƙoƙo. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ayelen tana zaune a gefe da hannu a rataye. Griselda ta tambaye ta, ita abin da ta ce kawai shi ne ta ji an ce tsaya, ta tsaya.

Jiya kuma Yanina da kanta ta hau bas tun daga Rosario ta zo duba ta. Ni na zaci zan ga dodo. Sai ga mace mai gilashi, malamar firamare, ta riƙo kwalin biskit ɗin alfahor da uwarta ta toya. Ta tsaya a ƙofar gareji tana murza hannu, ta ce ita ba ta ji komai ba, ta rantse da kabarin ubanta, amma in har ta yi sara bayan an tsayar to ta cancanci duk abin da za a yi mata. Haƙuri ta zo ba ni, Nelida. Ni. Na ce mata ai ba komai, wasa ne, Allah ya kiyaye gaba. Har na ci alfahor ɗinta guda biyu. Ki gaya mini, akwai kare a unguwar nan da ya kai ni?

Kwamiti zai zauna ranar Asabar mai zuwa a zauren ƙungiyar su Ayelen. In na yi shiru, baiwar Allah za ta rasa wasanta a kan laifina. In na yi magana, 'yata za ta san wanda ya kashe mata abin da ta yi shekaru tana tashi da asuba dominsa. Yarinyar da ke gabatar da ni ga ƙawayenta tana cewa ga maƙerina. Ki aiko mini da amsa ta hannun direba, ko zagi ne ina so.

Mijinki mai baki,
Eulogio


Córdoba, ranar Alhamis

Tsohuwata,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da Mama ta fara takawa da sanda, Allah ya ƙara sauƙi. Amsarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Zagin da na roƙa kin ba ni har da gyara. Kin ce ba shawara nake nema ba, wanda zai ce mini in yi shiru nake nema, kuma in nemi wata matar ta gaya mini haka. Kin yi gaskiya. Amma batun cewa jakin kawunki ya fi ni tunani, ina ganin a nan kin ɗan zarce, don na san jakin.

Na gwada, kada ki ce ban gwada ba. Jiya da rana ina taya Ayelen ɗaure takalmi, tun da hannu ɗaya gare ta. Ina durƙushe a gabanta, wuri ya yi daidai da mai neman gafara. Na ce, Ayelen, akwai maganar da nake so mu yi. Ta ce tana ji. Ta zuba mini ido, irin kallon nan naki. Sai na ji bakina yana ba ta labarin mutumin da ya kawo mota yana cewa bishiya ce ta shigo masa hanya. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Shi ke nan maganar, Tsoho?" Na ce shi ke nan. Ta ce to, ta tashi ta fita.

Bakin da ya buɗe inda ba a so, ga shi ya ƙi buɗewa inda ake so. Ina jin a ka'ida mayar da shi kamfani ya kamata a yi.

Jibi ne zaman. Na goge takalmina na zuwa jana'iza. Ki sa ni a addu'a, ki ce Mama ma ta sa ni, ko da sunan da ta saba kirana ne.

Naki,
Eulogio


Córdoba, ranar Litinin

Zuwa ga Nelida, uwar 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kun wayi gari lafiya, ke da Mama da 'yan uwa. Mu nan muna lafiya, gwargwadon yadda za ki ji.

An yi zaman. Zauren nan ne da suke atisaye, wanda a da ma'ajiyar hatsi ce, ga warin gumi da man goge ƙarfe. Mutum uku na kwamiti suna bayan tebur, Griselda a gefe da wayarta, Yanina ita kaɗai a kan benci ta haɗa gwiwa kamar ɗalibar da aka kira ofis. Ayelen tana can baya jikin shinge. Aka kunna hoton, muryar nan ta sake fita. Shugaban kwamitin ya tambaya ko akwai mai ƙarin bayani kafin su yanke.

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce sunana Eulogio Barrionuevo, ni ne uban wadda aka ji wa ciwo, kuma muryar da ke cikin wayar nan tawa ce. Griselda ta ce in zauna, wai tausayin Yanina ne ya kama ni. Sai na ga ba yadda zan yi, na cika ƙirji na sake faɗar kalmar yadda na faɗe ta a Rosario. Har tantabarun rufi suka tashi. Ba wanda ya sake musu.

Ba zan ɓoye miki ba, na so a ce wani ya mare ni. Griselda ta kira ni da sunaye, wasu ma ban taɓa jin ma'aikaciyar jinya ta san su ba, sannan ta je ta tsaya gaban Yanina ta janye ƙararta da bakinta. Yanina ta cire gilashi ta yi ta goge shi da gefen riga. Da na je ba ta haƙuri ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Cewa ta yi, "Malam Eulogio, kwana nawa ina tambayar kaina ko ni muguwa ce ban sani ba." Wannan maganar tana nan zaune a ƙirjina har yanzu. Kwamiti ya wanke ta, ni kuma an hana ni zuwa kowane wasa har shekara guda. Zaɓen 'yan wasan ƙasa kuwa ya riga ya wuce, ba a sake shi don uban wata ya yi hauka.

Duk wannan ban yarda na kalli baya ba. Sai da mutane suka fara watsewa na ji Ayelen ta ce, "Tsoho, zo nan."

Na je ina jiran abin da zai sauka. Sai ta sa aka ɗauko hular lifidi da kwalkwalinta. Da hannu ɗaya ta kifa mini, Griselda ta ja maɗaurin haɓa, kuma ina jin da gayya ta ja shi. Aka kai ni shinge aka ce in saƙala hannu. Ayelen ta roƙi Yanina ta ɗauki takobi ta yi ta dukan kwalkwalin, ba da ƙarfi ba, ta ce Griselda ta koma inda 'yan kallo ke tsayawa ta yi ta kirana da iyakar muryarta, sauran kuma su buga garkuwa.

Nelida, shekara da shekaru ina gyaran tukunyar nan ban taɓa sa kaina a ciki ba. Duhu ne, sai 'yar tsaga kamar bakin asusu. Numfashinka yana dawo maka da zafi. Da Yanina ta fara, sai na ji kamar an sa ni cikin ƙararrawar coci ranar biki. Kuma na lura malamar nan ba ta ji kashedin "ba da ƙarfi ba" sosai ba, ban kuma ga laifinta ba. Da aka cire mini, ina haki kamar tsohon kare, Ayelen ta tambaye ni me Griselda ta ce. Na ce ai ba ta fara ba tukuna. Aka kwashe da dariya. Ashe matar nan har muryarta ta dushe tana zagin kakannina.

Ayelen ta ce to ka gani, a cikin nan ba a jin kowa. Shi ya sa alƙali ke cusa tuta a tsakani, tutar ake gani, ba muryarsa ake ji ba. Shi ya sa Yanina ba ta tsaya ba, sauran takwas ɗin ma ba wadda ta tsaya.

Ni da kaina mai aji huɗu sai da lissafin ya ɗan jima kafin ya shiga. Na ce, to ke yaya aka yi kika ji?

Ta ce, "Kalmar ma ban ji ta sosai ba, Baba. Muryarka na ji. Hannuna ya saki kafin in yi tunani."

Tun tana kwance a ƙasa a Rosario ta sani. A motar asibiti ta sani, ina ba ta labarin ban dariya. Ranar da Griselda ke kunna hoton a kicin ta sani, ranar takalmi ma ta sani. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce in ita ta faɗa, ta zama 'yar da ta tona ubanta, ni kuma na zama uban da aka tona, ba ta ga yadda za mu ci abinci a tebur ɗaya bayan haka ba. Ta ce ta riga ta yanke, da shugaban ya ɗaga biro ban miƙe ba, ita za ta miƙe, don ba za ta bari a yanka Yanina ba. Ta ce ita ma tana da haƙurin da za ta ba Yanina na kwanakin da ta bar ta cikin zullumi tana jirana, kuma ta je ta ba ta a gabana. Wato har laifin da ba nata ba na sa ta ɗauka.

A hanyar gida ni ke tuƙi. Na rasa abin dariyar da zan faɗa, karo na farko tun da kika san ni. Wajen gadar kasuwa na ce mata shekara guda ba yawa, in hukuncin ya ƙare zan dawo in tsaya can baya, in cusa tsumma a baki in ta so. Na zaci za ta yi murmushi.

Ta ce, "A'a, Baba. Ko ya ƙare kada ka zo. Ba don fushi ba. In ka sake kira, zan sake saki."

Da safen nan ta sha mate daga hannuna, ta ce ya yi ɗaci, ta miƙo ƙoƙon a ƙara mata. Ta fara motsa yatsun hannun, tana maganar zaɓen baɗi. Ranar da za ta koma fili ni ina gida. Na ce ko ke za ki zauna tare da ni, tun da kin riga ni sanin yadda ake wannan jiran.

Ki gaida Mama da kyau. In ta samu ƙarfin tafiya ki dawo, gidan ya yi mana faɗi.

Mijinki,
Eulogio